Munsharin Baba

A gidanmu akwai doka guda da ko kyanwar maƙwabta ta sani: in Baba ya shiga barcin rana, ba a tashinsa. Ko gobara ce ta tashi, sai dai a kashe ta cikin raɗa. Haka muka girma, ni da Yaya, muna sanɗa da takalma a hannu, Inna tana zare mana ido in cokali ya faɗi. Shi kuwa yana ciki yana zuba munshari kamar mai yanka katako da zarto, har gilashin kabad ɗin falo yana amsawa. Munsharin nan shi ne agogonmu. In ya fara, kowa ya kama bakinsa. In ya tsaya, a ɗora ruwan shayi.

Baba kafinta ne, kuma ba irin masu buga ƙusa a karkace su rufe da fenti ba. Mutum ne mai ji da aikinsa, mai ji da kansa. Kabad ɗin nan na falo shi ya ƙera wa Inna shekarar da suka yi aure, da ƙofofin gilashi da ɗan makulli na tagulla. A ciki ake ajiye farantan baƙi, waɗanda ban taɓa ganin baƙon da ya isa a fito masa da su ba. Makullin yana cikin tarin makullan Baba, a aljihunsa. Ni kuwa Rediyo yake ce mini tun ina ƙarama, wai ba a kashe ni, sai dai batir ya ƙare. Na yi aure, ina aiki a wani shagon wanki da guga da ba shi da nisa da gida, don haka kusan kullum sai na leƙo da rana in ga abin da Inna ta dafa in kushe shi.

Abin ya samo asali ne daga tsani. Baba ya hau zai kafa silin a wani gida, ƙafar tsanin ta zame, ya faɗo a kan bayansa. Aka yi masa aiki a asibiti, aka sallame shi da ƙwayoyin kashe ciwo, irin masu ƙarfin nan da ba a bayarwa sai da takardar likita. Likitan ya ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin ya wuce, ciwon ya yi sauƙi, Baba ya koma shago, amma ƙwayar ba ta bar aljihunsa ba. Da likitan ya ce ya isa haka, sai Baba ya ce likitan yaro ne, bai san ciwo ba, ya nemi wani.

Ba sai an gaya mini ba, ina da ido. Mutumin da yake auna katako sau uku kafin ya yanka, ga shi yana gyangyaɗi da guduma a hannu. Yana magana sai ya tsaya a tsakiyar zance, idanu a lumshe. Ranar da babu kuwa, gidan ba ya zaunuwa: hamma, gumi, majina, faɗa da kowa har da kujera. Amma ka ce wani a gidanmu ya kira abin da sunansa? Ina. Maganin bayan Baba, haka ake ce masa. Yaya, wanda direban wani kamfani ne kuma yake ganin shi ne magajin hankalin gidan, ya ce masu shaye-shaye su ne yaran da ke kwana a bayan tasha, ba dattijo mai furfura da jikoki ba. Goggo, ƙanwar Baba, mai fama da ciwon gwiwa, ta ce in ji tsoron Allah, uba ne. Inna ta ci gaba da goge gilashin kabad.

Wata rana Baba ya kira ni shagonsa, ya ja ƙofa. Ya yi mini murya mai laushi da rabon da in ji ta tun ina firamare. Ya ce duk cikin 'ya'yansa ni ce mai zuciya irin tasa, ni kaɗai ya yarda da ita. Katin ƙwaya ɗaya kawai zan samo masa a kemis ɗin da ke kusa da wurin aikinmu, kuma kar in gaya wa kowa. Wallahi na daɗe ina son in ji ya faɗi haka. Na ce masa zan raka shi wurin likita, ko yau yake so. Ya dube ni, ya ɗauki zarto, ya ce in ja masa ƙofar in na fita.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai wani ƙaramin asibiti da aka ce mini suna duba masu irin wannan matsala. Na sami wata nas, doguwa, mai magana kamar tana karanta farashin kaya. Ba ta yi mamaki ba, ba ta ce ayya ba, ni kuma abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta ce cuta ce, kuma ana maganinta: akwai wani magani da ake sawa a ƙarƙashin harshe kullum, yana kashe ƙishirwar ƙwayar, mutum ya koma aikinsa. Amma sai shi mai ciwon ya zo da ƙafarsa. Kafin nan, ta ce, ga abin da zai hana a yi gawa. Ta miƙo mini ɗan kwali, cikinsa wasu abubuwan feshin hanci guda biyu, kowanne bai kai yatsa tsawo ba. Nalokson ake ce masa. Ta ce ita wannan ƙwaya ba zuciya take fara tsayarwa ba, numfashi take ragewa a hankali har ya ɗauke, mutum yana kwance kowa na cewa barci yake. In aka tashe shi bai tashi ba, in numfashin ya yi nisa da juna, in leɓɓa suka yi toka-toka, in ana jin wani munshari mai kama da shaƙewa, to a fesa a hanci, a kira motar asibiti. Da ta ce munshari sai da na yi dariya, dariyar takaici. Na ce mata a gidanmu munshari sarauta ce.

Na kawo kwalin gida na rataye shi a ƙusa, daidai bakin ƙofar ɗakin Baba, na tara su na yi musu bayani. Yaya yana danna waya. Goggo ta ce wannan ai mugun fata ne, kamar mutum ya sayo likkafani ya rataye wa mai rai. Washegari na zo, babu kwali a ƙusa. Inna ta ce ta mayar da shi aljihun tebur saboda ƙura. Na mayar da shi ƙusa. Na dawo, yana saman wadirob, wai saboda jikoki. Na sauko da shi. Na dawo, yana cikin jakar da ake ajiye tsofaffin labule. Haka muka yi ta yi ni da Inna kamar masu wasan ɓuya, babu mai ɗaga murya, kowa yana cika yana batsewa. Daga ƙarshe na tsare ta a kicin na tambaye ta me kwalin nan ya tsare mata. Ta ce duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya mene ne, ita kuma ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma iya gaskiyar ba.

Sau ɗaya tak na ci nasarar kai Baba asibitin nan, shi ma don likitan bayansa ya ƙi sake rubuta masa komai sai ya je. Muka zauna a layi a kan wani benci mai rawa. Baba bai dubi kowa ba, sai bencin yake bincike, yana girgiza shi, yana cewa wanda ya haɗa wannan bai kamata a bar shi da guduma ba. Can sai ga wani mutum da Baba ya taɓa yi wa ƙofofin gida, ya rako ɗansa. Ya gaishe da Baba da ladabi, ya tambaye shi ko aiki aka kira shi. Baba ya ce e, benci ya zo dubawa. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya fice. Na bi shi har titi ina magana, bai juyo ba.

A daren nan ya sanar cewa zai daina, kuma da kansa, ba da wani maganin ƙarƙashin harshe ba. Wai shi da ya bar sigari rana ɗaya. Ya kulle kansa a shago da tabarma da bokiti. Wahalar da ya sha a kwanakin nan, Allah kaɗai ya sani, mu dai muna jin amai da nishi ta bayan ƙofa, Inna tana ajiye ruwa da shayi a bakin ƙofar tana dawowa da kuka. Da ya fito ya rame, wuyansa kamar na kaza, amma idonsa garau. Ya ce an gama. Kuma gaskiya, makonni suka wuce babu gyangyaɗi, ya koma auna katako sau uku, har ya fara yi mini tsiya kamar da.

Gida ya ɗauki murna. Ni ma na yi murna, ai ba dutse ba ce ni. Amma da na koma na gaya wa nas ɗin, fuskarta ba ta saki ba. Ta ce yanzu ne ma ya fi hatsari. Jikin da ya saba da mai yawa ya manta, shi kuwa mai jikin bai manta adadin da yake sha ba. Ranar da ya waiwaya ya sha irin na da, shi ke nan. Ta ce kwalin nan ya zauna kusa fiye da kullum.

Na zo da wannan magana gida, sai ka ce na zo da kashi a hannu. Yaya ya ce ni dai ba na son zaman lafiya, mutum ya yi ƙoƙari irin wannan amma ina nan ina jiran ya faɗi. Goggo ta ce bakina ne zai jawo. Baba da kansa ya ji, ya fito, ya ciro kwalin daga ƙusa da yatsu biyu kamar ya ɗauki mataccen ɓera. Na ɗauka shara zai jefa. Inna ce ta yi saurin karɓa, ta ce abin asibiti ba a zubarwa, a ajiye dai inda ido ba zai gani ba. Aka buɗe kabad, aka tura shi bayan babban farantin baƙi, Baba ya murɗa makulli ya mayar aljihu. Na ce to yanzu in abu ya faru, mai makullin ne fa zai kasance a kwance. Baba ya ce a kashe rediyon nan haka. Kowa ya yi dariya, har Inna.

Na so in koma in karɓo wani kwalin in riƙe a jakata. Na je, aka ce sun ƙare, sai an kawo. Na sake zuwa, nas ɗin ba ta nan. Aiki ya yi mana yawa a shago, zannuwan wani otal sun taru har rufi, na ce gobe.

Ranar da abin ya faru, da safe Baba ya taya wasu ɗaga wata ƙofa mai nauyi, don kar a ce ya tsufa. Inna ta ce ya dawo yana dafe da ƙugu, bai ci abincin kirki ba ya shige ɗaki. Ni na iso da rana da kayan Inna da na goge. Na tarar da Yaya a falo ya zo cin abinci, Goggo tana miƙe da ƙafa tana shafa man zafi. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa, alamar mai gida yana barci.

Ina ajiye kayan na ji shi. Na shekara talatin da wani abu ina jin munsharin Baba, na san shi kamar yadda na san muryarsa: ja mai tsawo, saki mai tsawo, babu hutu. Wannan ba shi ba ne. Wani gurgur ne a maƙogwaro, kamar ruwa na sauka a toshasshen bututu, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin ƙarar firij. Sannan wani gurgur ɗin.

Na tambayi Inna tun yaushe yake haka. Ta ce ya gaji ne. Amma hannunta yana kan ƙirji, kuma ba ta dube ni ba. Na nufi ƙofar. Yaya ya miƙe ya tare ni, ya ce in ba ni da kunya shi yana da ita, ba a shiga wa Baba yana barci, in bari ya tashi. Goggo ta ce yarinyar nan sai ta ga bayan ɗan'uwana. Na ce wa Yaya ya matsa ko in bi ta kansa. Ban san me ya gani a fuskata ba, ya matsa.

Ƙofar ba a kulle take ba. Ba a taɓa kulle ta ba, tsoro ne kawai yake riƙe da ita.

Yana kwance rigingine, daga shi sai singileti da wando, baki a buɗe. Leɓɓansa sun yi toka. Na kira shi, na girgiza shi, na murza masa ƙashin ƙirji da gaɓoɓin yatsuna kamar yadda nas ta nuna mini, da ƙarfin da zai ta da kowa. Ko motsi. Na ɗaga fatar idonsa, baƙin ya tsuke kamar kan allura. Na ce wa Yaya ya kira motar asibiti, na lalubi aljihun Baba. Makullan suna aljihun baya, ya danne su, kuma Baba ko da ya rame ba abin da mace ɗaya za ta juya ba ne cikin gaggawa. Na fito falo. A kan tebur akwai dutsen gugar Inna. Na ji Inna ta ce, "Kabad ɗina," a hankali, kamar mai tuna sunan wani. Na rufe ido na maka.

Gilashin ya zube, babban farantin ya bi shi. Na zaro kwalin, hannuna yana jini ban ma sani ba. Na koma na ɗaga haɓar Baba, na zura feshin a hanci, na danna. Babu abin da ya faru. Nas ta ce a ba shi 'yan mintoci, kuma in ba ya numfashi sosai a hura masa iska a baki. Na dubi Yaya, namiji, ɗansa na fari. Yana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne, yana roƙon masu motar wai don Allah kar su kunna jiniya, kuma in da hali su tsaya a layin baya. Ban taɓa jin ina son in mari mutum kamar lokacin ba. Na toshe hancin Baba, na kafa bakina a nasa, na hura. Goggo ta yi salati ta juya baya. Na yi ta hurawa ina kallon ƙirjinsa yana tashi yana sauka da iskata, ina ce masa a zuci wallahi ba ka isa ba, ba yau ba. Da na ga shiru, na ɓare na biyun na fesa a ɗaya hancin.

Sai ya ja wani dogon numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Na kira Yaya da sunan da ba zan maimaita ba, ya zo muka juya shi a kan gefensa don kar amai ya shaƙe shi. Da muka juya shi matashin kai ya zame, abin da ke ƙarƙashi ya zubo ƙasa. Katunan ƙwaya ne, wasu an ɓare, wasu ba a taɓa ba, kuma ba iri ɗaya ba. Akwai mai ruwan azurfa, akwai wani a cikin 'yar ledar asibiti da sunan Goggo a jiki, akwai wani a naɗe cikin takarda. Goggo ta ce ai ɗaya kawai ta ba shi, da safen nan, ya ce ita kaɗai ce ta san zafin ciwo. Yaya ya dubi mai ruwan azurfar, ya dubi Goggo. Ya ce shi ma haka Baba ya ce masa, wai shi kaɗai ya yarda da shi.

Baba ya farfaɗo yana amai, yana rawar sanyi, yana zufa. Nas ta gargaɗe ni cewa feshin yana fizge ƙwayar daga jiki gaba ɗaya, mutum ya tashi cikin azaba da fushi, don haka ban sa ran godiya ba. Amma ban shirya wa kallon da ya yi mini ba. Ya ga kansa a singileti, cikin amai, a gaban ƙanwarsa da 'ya'yansa, ni a durƙushe a kan gadonsa da jini a hannu. Ta ƙofa yana hango kabad. Ya tambayi wa ya ba ni izinin shiga ɗakinsa.

Masu motar asibiti suka iso, da jiniyarsu kuwa, Allah ya yi musu albarka. Baba ya ce babu inda za shi, barci yake aka tashe shi. Nan take Yaya ya fara lallaɓawa, wai tunda ya farka ko a bar shi ya huta, mutane sun fara taruwa a waje. Na ce feshin nan ba ya daɗewa a jiki, ƙwayar ta fi shi daɗewa, in ya sake shi zai koma inda ya fito, kuma babu sauran ko ɗaya a kwalin. Ma'aikacin motar ya ce gaskiya ta faɗa. Baba bai dube shi ba, ni yake kallo.

"In tana gidan nan, ba zan hau ba," ya ce. "Ta fita. Kuma kar ta sake tako mini gida."

Ina da amsoshi sun fi goma a bakina, kowacce ta fi 'yar'uwarta zafi. Rediyo ce ni, ai shi ya raɗa mini. Na haɗiye su duka, na sauko daga gadon, na bi ta kan fasasshen gilashi na fita. Ina tsaye a tsallaken titi cikin 'yan kallo aka fito da shi a lulluɓe da bargo. Wata mata da ba ta san ni ba ta tambaye ni me ya sami mai gidan. Na ce mata ciwon baya.

A hanya ya sake suma, sai da suka ƙara masa wani. Yaya ne ya gaya wa mijina, mijina ya gaya mini, don ni Yaya kunyar kirana yake ji. Ta haka nake samun labarin gidanmu yanzu, kamar mai sauraron labarin ƙasar waje. An sallami Baba. An ɗora shi a kan maganin ƙarƙashin harshen nan da ya raina. Yaya yana kai shi, yana ajiye mota nesa da ƙofar asibitin. Wani makon ya je, wani makon ya ce shi ba mara lafiya ba ne. Goggo ta daina zuwa, wai an ci mata mutunci. Ni kuwa doka tana nan. Na aika da gaisuwa, aka ce ya ji. Na karɓo sabon kwali na ba mijina ya kai, aka dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Na ajiye shi a kan kantar da muke jera sabulu a shago, kullum ina kallonsa ina cizon yatsa.

Ana nan, wata rana kafin azahar, ina tsakiyar guga, tururi ya rufe mini fuska, sai ga Inna a bakin shago da ƙullin kaya. Inna da ba ta taɓa yarda wani ya wanke mata ko hankici ba sai dai in goge mata. Na kwance ƙullin, labule ne guda ɗaya, wankakke fes. Na ba ta kujera, na kashe dutsen guga. Ta rame. Ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi yara, ta ce wurin da zafi, ta ce injin wankin nan yana da ƙara. Sannan ta ce ita fa yanzu ba ta iya bambance munsharin. Duk wanda ya ja sai ta ji kamar wancan ne. Don haka tashinsa take yi. Kullum, da ya yi nisa, sai ta shiga ta girgiza shi. Ya tashi ya yi ta faɗa, ita kuma ta koma kicin ta zauna tana jin faɗan tana hamdala.

Na ce mata tashi kaɗai ba ya isa in ranar ta zo. Ta ce ta sani. Ta murza bakin mayafi.

"Katin nan da yake naɗe a takarda," ta ce. "Nawa ne."

"Har da ke, Inna?"

"Ya ce ni kaɗai."

Me zan ce wa matar da ta shekara arba'in tana cire takalmi don kar mijinta ya farka? Na miƙa hannu na sauko da kwalin daga cikin sabulai na ajiye a kan teburin guga. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta taɓa. Ta ciro ɗaya, ta juya shi, ta riƙe shi a kife. Na gyara mata: yatsu biyu a gefe, babban yatsa a ƙasa, kar ta danna sai ya shiga. Ta tambaye ni wane hancin ake sa wa, na dama ko na hagu. Na ce kowanne, Inna, wanda ya fi kusa da ke. Na ture kayan mutane na kwanta a kan teburin, na sa ta ɗaga haɓata, ta toshe mini hanci, ta nuna yadda za ta hura. Abokiyar aikina ta leƙo ta ga tsohuwa a sunkuye a kaina, ta koma da baya. Muka yi har sai da ta daina rufe ido. Na sa mata lambar motar asibiti a wayarta, na ce ita za ta fara kira, ba Yaya ba.

Na tambaye ta kabad. Ta ce Baba ya gyara, ya sa sabon gilashi, ya fi na da kyau. Na ce makullin fa. Ta ce yana aljihunsa.

Ta zare feshin biyu daga kwalin, ta bar mini kwalin. Ta juya baya, ta tura su cikin rigarta ta gyara mayafi a kai. Na ce mata ko Baba ya tambayi labarina. Ta ɗauki labulenta tana naɗewa, ta ce jiya ya ce gidan ya yi shiru, amma bai ce komai bayan haka ba. Sai ta dubi agogon bango ta miƙe da sauri, ta ce bari ta tafi, ya kusa kwanciya.

Na raka ta bakin titi. Da na dawo na kashe injin wankin, ko da yake bai gama ba, na ajiye waya a kan tebur kusa da hannuna. Abokiyar aikina ta ce zannuwan nan fa yau za a zo karɓa. Na ce ta bari sai la'asar, da ƙarar nan ba zan ji kira ba.